Ranar da Likitoci Suka Buɗe wa Iyali Ƙofa

  

Sharhinmu na yau zai kai mu Amurka, kimanin shekara 70 da suka wuce. Za mu duba wata hanyar jinyar damuwa da taɓin hankali. Babu allura a cikinta, babu ƙwaya. Zama ake yi a yi magana. Sai dai ba da mara lafiya shi kaɗai ake zaman ba. Ana kiran uwarsa da ubansa. Ana kiran matarsa da 'yan'uwansa. Jinyar iyali ke nan.

Ginshiƙin maganar ɗaya ne, kuma za ku ji ina maimaita shi. Mutum ɗaya ake kawowa gaban likita. Amma sau da yawa abin da ke cin sa yana tsakaninsa da mutanen gidansu. Don haka a dubi mutumin, a kuma dubi tsakanin.

Bari mu fara da yadda abin yake kafin a zo nan.

A rabin farko na ƙarni na 20, tafarkin Sigmund Freud ne ke tashe a wannan fanni. Mara lafiya zai kishingiɗa a doguwar kujera, ya yi ta magana. Likita yana zaune ta bayansa yana saurare. Ana maganar uwa, ana maganar uba. Amma uwar da uban suna waje. Masu bin wannan tafarki suna ganin shigowar dangi cikas ce ga magani.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai wasu likitoci suka fara lura da wani abu. Mutum zai sami sauƙi a asibiti. A sallame shi, ya koma gida. Ba a daɗe ba sai a dawo da shi. Wani likita mai suna Don Jackson ya lura da abin da ya fi wannan ban mamaki. A wasu gidajen, da zarar mara lafiya ya fara warkewa, sai wani daban ya rikice. Ko mijin ya shiga ƙunci, ko auren iyayen ya fara tangal-tangal. Jackson ya ce gida yana da wani daidaito da ya saba da shi. Ko daidaiton mai ciwo ne, gidan zai yi ƙoƙarin komawa kansa.

To yanzu sai mu leƙa garin Palo Alto a jihar Kalifoniya, inda Jackson ya yi aiki.

A can akwai wani Baturen Ingila, Gregory Bateson. Shi ba likita ba ne. Masanin al'adun al'umma ne, ya yi bincike a Niyu Gini da tsibirin Bali. Abin da ya dame shi shi ne yadda saƙo ke tafiya tsakanin mutane. Ya tara 'yan bincike, cikinsu har da Jackson da Jay Haley da John Weakland. A 1956 suka fitar da wata maƙala da ta yi suna ƙwarai. Maƙalar tana magana ne kan sikizofireniya, wato ciwon nan da ke sa mutum jin muryoyin da babu mai jin su sai shi.

Sun kawo labarin wani saurayi da ke kwance a asibiti. Mahaifiyarsa ta zo duba shi. Ya yi murna, ya kai hannu zai rungume ta. Sai ta sandare. Ya janye hannunsa. Sai ta tuhume shi da cewa ya daina son ta. Ku duba halin da yaron nan yake ciki. Bakinta yana cewa matso. Jikinta yana cewa ja da baya. Ya matso laifi, ya ja da baya laifi. Ba shi da ikon cewa, “Umma, maganarki biyu ce.” Ba shi kuma da wurin gudu, domin uwa ce. Su Bateson suka ce wanda ya tashi cikin irin wannan tarko tun yana ƙarami, hankalinsa yana iya gushewa.

Ku riƙe wannan iƙirari, za mu dawo kansa. Akwai gyara a cikinsa, gyara babba.

Abin da ya ɗore daga aikin mutanen Palo Alto shi ne wani salon kallon rigima. Mu kan tambayi wa ya fara. Su kuwa suka ce yawancin rigimar gida zagaye take yi. Matar ta ce tana mita ne saboda maigida ba ya zama a gida. Maigidan ya ce yana daɗewa a majalisa ne saboda mita. Kowa ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Mitar tana haifar da yawon, yawon yana haifar da mitar. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai jinyar iyali ba alƙali ba ne. Zagayen yake nema, da wurin da za a iya katse shi. A dubi tsakani.

Masu saurare, yanzu mun zo kan mutumin da zan fi daɗewa a kansa. Sunansa Murray Bowen.

An haife shi a 1913 a wani ƙaramin gari, Waverly, a jihar Tenesi. Shi ne babba cikin 'ya'ya biyar. Ya yi aikin likita a rundunar soja lokacin yaƙi, daga baya ya koma fannin ƙwaƙwalwa. A 1954 ya koma cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka. A nan ya yi abin da ya ba abokan aikinsa mamaki. Ya kwantar da masu sikizofireniya tare da iyayensu mata a asibiti. Daga baya ya ga hoton bai cika ba. Sai ya sa aka kawo iyaye maza ma. Iyali guda suna zaune a sashen bincike wata da watanni, ma'aikata suna lura da zamansu.

Me ya gani? Ya ga damuwa tana yawo a cikin gida. Ta tashi daga kan wannan, ta sauka a kan wancan. Ya ga iyayen da ke ɗaki ɗaya, amma zukatansu sun daɗe da rabuwa. Ba abin da ke haɗa su hira sai ciwon ɗansu. Daga 1959 ya koma Jami'ar Georgetown a birnin Washinton, ya ci gaba da gina tunaninsa har rasuwarsa a 1990. Ra'ayoyi takwas ya tsara. Ba zan jera muku su ba. Uku za mu ɗauka.

Na farko shi ne zaman uku. Bowen ya ce mutum biyu suna iya zama lafiya muddin babu tashin hankali. Da zarar zafi ya yi yawa, sai su jawo na uku. Tukunya ba ta zama a kan duwatsu biyu, sai an kawo na uku. Amma dutse na ukun ma wuta yake sha.

Kun san wannan, ko da ba ku taɓa jin sunan Bowen ba. Maigida yana zaune a tsakar gida. Uwargida tana bakin murhu, taku biyar ne tsakaninsu. Sai ta kira yaro. “Je ka ce wa babanku cefane ya ƙare.” Uban ya ce, “Koma ka ce mata na ji.” Yaron nan ya zama na uku. Ko uwa ta mayar da babbar 'yarta abokiyar kuka, kullum tana zayyana mata laifin uban. Ko miji ya kasa faɗa wa matarsa abin da ke ransa, sai ya kai ƙara wurin mahaifiyarsa. Biyun sun sami sauƙi na ɗan lokaci. Matsalarsu tana nan ba ta motsa ba. Na ukun ne ya tafi da nauyin.

Wani lokaci yaron da kansa ne ke shiga tsakani, ba tare da ya sani ba. Ya daina karatu. Ya fara fitsarin kwance. Ya shiga faɗa a unguwa. Sai iyayen su ajiye rigimarsu, su haɗu a kansa. Gida ya lafa. Yaron ya zama “mai matsala”, shi ake kaiwa wurin malami ko likita. Mutum ɗaya aka kawo. A dubi tsakani.

Na biyu shi ne mallakar kai a cikin dangi. Wannan ne zuciyar koyarwar Bowen. Yana nufin mutum ya iya bambance abin da yake ji da abin da yake tunani. Ya iya zama cikin danginsa, ana hayaniya, shi kuma bai kama da wuta ba. Ya iya cewa, “Baba, ga yadda nake ganin lamarin,” cikin ladabi, ba da tsawa ba, ba kuma da rawar murya ba. Wanda ya rasa wannan, hanya biyu gare shi. Ko ya narke cikin son ran wasu, ya zama ba shi da ta cewa. Ko ya yi tawaye, duk abin da aka ce sai ya yi akasinsa. A wurin Bowen duka biyun ɗaure suke. Mai tawaye ma dangin ne ke juya shi, ta bayan fage.

Wannan ya kai mu ga na uku, wato yanke zumunci. Mutum ya ji gida ya ishe shi. Ya tattara ya koma wani gari. Ba waya, ba ziyara. Ya ce ya huta. Bowen ya ce bai huta ba. Ya kwashi abin da ya gudar wa, ya shiga da shi sabon gidansa. Matarsa da 'ya'yansa ne za su biya bashin. Ta haka damuwa ke gangarowa daga kakanni zuwa jikoki.

Maganin da Bowen yake bayarwa shi ne a koma gida. A riƙa ziyara. A halarci biki da jana'iza. A zauna da uwa ita kaɗai, a zauna da uba shi kaɗai. Kuma idan an zauna, a yi maganar da ta shafi ku biyu, a bar gulmar na uku. Likitan Amurka ne, amma inda ya biyo ya fito daidai kan maganar iyayenmu, cewa zumunci a ƙafa yake.

Bai tsaya ga koyar da wasu ba. Ya gwada a kan danginsa na Waverly, shekara da shekaru. A 1967, a wani taron masana a Filadalfiya, ana jiran ya karanta maƙalar ilimi. Sai ya ajiye ta, ya ba su labarin yadda ya yi fama da zaman uku a gidan mahaifinsa. A wancan zamani likita ba ya buɗe cikinsa haka a bainar jama'a. Ni dai wannan yana cikin abin da ya sa nake ganin girmansa.

Akwai masu sukarsa, kuma sukarsu tana da tushe. Sun ce awon da ya yi na Amurka ne, inda ake sa ran matashi ya bar gida da wuri, ya tsaya da ƙafarsa. A ƙasashen da ake zaman gandu, abin da wani zai kira narkewa, wani biyayya zai kira shi. Gaskiya ne. Amma a ganina mallakar kai ba ta yi karo da girmama iyaye ba. Wanda ya mallaki kansa ne yake iya durƙusawa ya gaida mahaifinsa, ya faɗi gaskiyarsa a tausashe, gobe kuma ya dawo gaisuwa.

Sai mu matsa gaba, mu ga wani likitan mai salo daban.

Salvador Minuchin ɗan ƙasar Ajantina ne, an haife shi a 1921. Ya yi aiki a wata makarantar gyaran hali ta Wiltwyck a jihar Niyok. Yaran wurin 'ya'yan talakawa ne, yawancinsu baƙaƙen fata da 'yan asalin Fotoriko. Ya ga doguwar hira irin ta Freud ba ta yi musu amfani. Yaro ya gyaru a makaranta, ya koma unguwa, ya koma ruwa. Sai Minuchin da abokan aikinsa suka fara kiran iyalan. Suka sa gilashin da ake gani ta gefe ɗaya, suna kallon aikin juna suna gyarawa.

Shi Minuchin tsarin gida yake dubawa. Wa ke riƙe da ragama? Ina iyakar iyaye, ina ta 'ya'ya? Akwai gidan da babu sirri, kowa yana cikin cikin kowa. Akwai gidan da kowa tasa ta fisshe shi, yaro zai kwana a waje ba a sani ba. Duka biyun suna jawo ciwo. Shi ba ya tsayawa ga tambaya kawai. Zai ga yaro zaune tsakanin uwa da uba. Sai ya ce yaron ya taso ya zauna kusa da shi. Ya ce wa iyayen su juya kujerunsu, su fuskanci juna, su tattauna. Nan take abin da ake ɓoyewa yake fitowa.

A 1965 ya zama shugaban asibitin kula da halayyar yara na Filadalfiya. A can ya ruwaito wani gwaji da aka yi da yara masu ciwon suga. Yaro yana bayan gilashi yana kallon iyayensa suna gardama, ana auna jininsa. Alamar tashin hankali a jinin ta hau. Da aka shigo da shi ɗakin, ta iyayen ta sauka, tasa ta ci gaba da hawa. Masana sun soki yadda aka tsara gwajin, kuma yaran ba su da yawa. Amma hoton ya zauna a zukatan masu wannan aiki.

Akwai wasu da dama, zan ambaci biyu a gurguje. Virginia Satir ta fitar da littafinta kan jinyar iyali a 1964, ta dage kan cewa mutanen gida su koyi faɗin abin da ke ransu kai tsaye. A birnin Milan na Italiya kuma, Mara Selvini Palazzoli da abokan aikinta sun fito da wata dabarar tambaya. Ba za su tambayi uwa yadda take ji ba. Za su tambayi 'yar, “Idan babanki ya yi shiru, me mamarki take yi?” Kowa sai ya ji yadda wasu ke ganinsa.

To jama'a, na yi alƙawarin gyara. Ga shi.

Iƙirarin cewa maganar uwa ce ke haddasa sikizofireniya bai tabbata ba. Bincike bai goyi bayansa ba. Yau an san ciwon yana da alaƙa da gado da yanayin ƙwaƙwalwa, tare da wasu dalilai na rayuwa. Kuma yana buƙatar maganin asibiti. Amma kafin a gane haka, an cuci iyaye mata da yawa. Uwa tana fama da ɗa mara lafiya, ga kuma likita yana nuna ta da yatsa. A 1979 iyalan masu taɓin hankali a Amurka suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. Cikin abin da ya tunzura su har da wannan zargi.

Gyaran ya zo ta Landan. George Brown da waɗanda suka biyo bayansa sun bi marasa lafiya bayan an sallame su. Suka gano cewa ciwon ya fi saurin dawowa a gidan da ake yawan suka da tsangwama, ko ake shisshigi fiye da kima. Gida bai haifar da ciwon ba. Amma yanayin gida yana iya taimakon sauƙi, yana iya hana shi. Daga nan aka koma koyar da iyali. A bayyana musu ciwon. A nuna musu yadda za su rage zafi. A ɗauke su abokan aikin likita. Wannan salo ya nuna amfani a gwaje-gwaje da dama, har ya shiga ƙa'idojin jinya na Ingila.

Gyara na biyu daga mata masana ya fito, irin su Rachel Hare-Mustin a 1978. Suka ce maganar zagaye tana da iyaka, domin ƙarfin mutanen gida ba ɗaya ba ne. Idan namiji yana dukan matarsa, ba a cewa kowa da nasa laifin. A nan karin maganar ɓera da daddawa ba shi da wurin zama. Mai duka shi ke da alhakin dukansa. Abin da ke gaba da komai shi ne a tsare wadda ake duka. Ina tare da su ɗari bisa ɗari.

Kun ga ke nan, duban tsakani ba neman mai laifi ba ne. Ba kuma wanke mai zalunci ba ne.

Kafin mu rufe, bari mu dawo gida Najeriya. A 1954, shekarar da Bowen ya fara aikinsa a waccan cibiya, wani likita ya fara nasa gwajin a asibitin Aro, kusa da Abekuta. Shi ne Thomas Adeoye Lambo. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya sama musu masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin. Kowane mara lafiya yana zuwa da ɗan'uwansa, uwa ko 'yar'uwa ko wani na jiki. Shi zai dafa masa abinci, ya raka shi asibiti da safe, su koma masauki tare. Hanyarsa daban take da ta su Bowen. Amma shi ma ya ƙi raba mara lafiya da mutanensa. Tsarin Aro ya yi suna a duniya, kuma Lambo ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Yanzu gare ku, masu saurare.

Masu wannan aiki suna da wata taswirar dangi. Monica McGoldrick da Randy Gerson sun daidaita tsarinta a wani littafi a 1985. Kuna iya gwadawa a gida. Ku sami takarda da biro. Namiji a zana masa murabba'i, mace a zana mata da'ira. Ku fara daga kakanni, ku gangaro kan iyaye, ku iso kanku. Ku sa aure da saki da rasuwa. Ku sa alama tsakanin waɗanda ba sa ga maciji. Ku duba wa ake aika da saƙo, wa ake kai wa kuka. Inda kuka rasa bayani, ku je wurin gwaggo ko kawu ku tambaya, tun suna raye.

Idan kuma akwai wani a gidanku da ke jin muryoyi, ko ya daina barci, ko yake maganar kashe kansa, kada ku tsaya zane. Ku kai shi asibiti. Ku raka shi, ku zauna, ku tambayi likita abin da ku mutanen gida za ku yi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da gidajenmu lafiya.